Ɗigo Uku a Jikin Injin Walda

Jama'a, ku ji abin da ya faru!

Ɗazu na sayo tsohon injin walda da araha a kasuwar Jimeta, zan sa a garejin gidana. Ina saukewa, maƙwabciyata Maman Rifkatu ta leƙo. Sai ta ƙame! Ta nuna wasu ɗigo uku na walda a mariƙin injin.

Ta ce, "Alamar maigidana ce. Haka yake rufe duk aikinsa."

Mijin nata mai walda ne, 'yan ta'adda suka tafi da shi shekara da shekaru. Har zaman makokinsa an yi!

Na ce, "Mama, ai tsohon aikinsa ne."

Ta shafa wurin, ta ɗago ta kalle ni.

"Duba da kyau, ɗana. Ko tsatsa bai fara ba."