An Raba Su Tun Suna Ciki

Tela mace ce da ba ta iya cewa a'a ba. Shagonta yana ƙarshen layin masu ɗinki, keke ɗaya, benci ɗaya, sai madubin da ya tsage a gefe. Ki yi ƙiba ki dawo da riga ki ce ita ta matse miki, sai ta ba ki haƙuri ta farke. Kowa na yabon halinta, irin yabon da ake yi wa jaki mai jure kaya.

Da cikinta ya tsufa, likita ya duba hoto ya ce 'yan biyu ne, ɗaya ya kwanta a gicciye, sai dai a yi mata aiki. Dangin miji suka cika falo don tsara haihuwa, mai cikin kuwa tana ta zuba musu ruwa. Aka zaɓi asibiti, aka zaɓi mai jinya. Sannan uwar miji ta gyara zama ta ce tunda Allah ya kawo biyu, ɗaya na Yaya ne, wato yayar mijin, wadda ta daɗe da aure ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Mijin ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Ba wanda ya tambayi Tela.

Ta koma shago tana taka keke hawaye na zuba a kan yadin mutane. Tsoro ya cika ta, amma ta yi nata shirin a ɓoye. Ta roƙi ma'aikaciyar jinya a yi mata allurar da ke kashe rabin jiki kawai, don kada a ɗauke mata ɗa tana barci.

Idonta biyu aka ciro su, maza, babba da ƙarami. Ƙaramin bai iya numfashi sosai ba, aka sa shi a kwalba. Da Yaya ta miƙo hannu, Tela ta ƙanƙame babban ta ce, "A'a, Yaya. Nawa ne duka."

Amma uwar miji ta riga ta barci, dole ta riga ta tashi. Ba ta yi faɗa ba. Ta lallaɓa Tela da cewa ga ɗinki ɗanye a ciki, ga zarya zuwa wajen kwalba, ta bari Yaya ta riƙe mata babban a gida kafin a sallami ƙaramin. Aro ne kawai. Tela ta san aro, ta sha ba da almakashinta kuma ana dawo mata da shi. Ta ce to.

Ƙaramin bai kai suna ba.

Daga asibiti gidan Yaya ta wuce, tana dafa bango, nono ya jiƙe mata gaban riga. Ta tarar da mata cike da falo ana ta barka, jaririn yana cinyar Yaya da bulumboti a baki. Ta durƙusa gaban uwar miji.

"Mama, na zo karɓar yarona."

Tsohuwar ta dube ta da tausayi, ta dafa mata kai.

"Haƙuri za ki yi, 'yar nan. Naki Allah ya ɗauka. Wannan na Yaya ne."