Faifan Mande na Tara

Shekara bakwai ke nan cif, a wannan wata, da rasuwar ƙanena Muhammadu, wanda duk Gummi ta sani da Mande Mai Faifai. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ni ne wansa Lawali, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara talatin ina aiki a tashar mota, kuma aikina tsare layi: motar da ta fara zuwa ita ke fara lodi, ko ta wane ce. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka masu karatu su yi haƙuri, zan faɗi abin da ke raina bi da bi, yadda na saba.

Mande gyaran rediyo ya koya, yana da ɗan shago a bayan kasuwa. Lokacin da haƙar zinare ta buɗe a ƙasar Anka da Bukkuyum, baƙi suka cika ko'ina, sai wani baƙo mai haƙa ya kawo rediyo gyara, ya manta faifai a ciki. Kiɗan wasu baƙaƙen fata ne na Amurka, wai shi jaz, kuma irin wanda ba a tsara shi. Wannan na busa nasa, wancan na dukan nasa, ba mai jiran wani. Da Mande ya kunna mini, na ce masa rediyon bai gyaru ba. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, lahiya lau yake. Waɗanga mutane ba su da ubangida, shi ya sa kaj ji su haka."

Ban fahimce shi ba a lokacin. A wurinmu kowane kiɗa da masu shi. Gangar noma ta manoma ce, kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, sarewa ta makiyaya. Makaɗi kuma yana da ubangida, ya ambaci sunansa, a ba shi riga. Mande ya sayar da babur ɗinsa, ya sayi na'urar ɗaukar murya da tsohuwar kwamfuta, ya kafa allo a bakin shago: Faifan Ba Ubangida. Ya sa wa kansa dokoki uku, kuma wannan kaɗai ne abin da ya yi kama da ni a duk sha'aninsa. Ta farko, ba a ambaton sunan kowa. Ta biyu, ba a gwaji, da an zauna sai a fara. Ta uku, abin da ya shiga ya shiga. Ko akuya ce ta yi kuka, ba a gogewa.

Da wannan ya riƙa tara mutanen da ba a taɓa tarawa ba. Mai kalangu daga mahautar Gummi, mai gangar noma daga wani ƙauyen Bukkuyum, da wani Bafulatani mai sarewa, Buba, wanda ya zama amininsa. Wani lokaci har da ƙarar injin niƙa. Faifai takwas ya fitar. Ba su sayu ba. Direbobin tasharmu da suka karɓa don kunyata sun mayar. Ɗaya ya ce mini, "Malam Lawali, gaya ma ƙanenka, in dai wanga kiɗi na, gara in kwance salansar mota fasinja su sha." Wasu kaɗan daga nesa sukan aiko a ba su, har da na ƙasar waje, amma a gida abin dariya ne. Ni kuwa na ji kunya. A ƙasar da ake Shari'a, ɗan gidan mutunci ya zauna yana tara makaɗa, ba biki ba suna? Na yi masa faɗa sau uku, a na huɗu na daina shiga shagon. Ina ganin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yau ban san wanda ke kan rimin ba tsakanin ni da shi.

Yanzu sai faifai na tara, wanda saboda shi nake wannan rubutu.

Matar Mande, Luba, 'yar Dareta ce, wani ƙauye a ƙasar Anka. A ranin da ya gabaci shekarar gubar dalma, mahaifiyarta ta kwanta ciwo, ta tafi jinya da 'yarsu mai shekara uku, wadda aka sa wa sunan Innarmu, muke kiranta Inno. A lokacin kowane gida a Dareta dutsen zinare ake dakawa, a tsakar gida, inda ake dakan hatsi, inda yara ke wasa. Mande ya je duba su, Buba na rakiya. Da hantsi ya ji mata uku na luguden dutse a turmi, sai ya nemi izinin surukinsa, ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye na'ura, ya ce wa Buba ya busa. A tsakiyar ɗaukar Inno ta shigo, muryarta ta shiga. Bayan 'yan watanni yara suka fara jijjiga suna mutuwa, kafin a gane cewa ƙurar dutsen nan ce. Inno na cikin waɗanda suka tafi.

Daga ranar Mande bai sake ɗaukar komai ba. Faifan na tara guda ɗaya ya buga, ya sa a akwati. Kwamfutar kuma ta mutu bai gyara ta ba, shi da gyara ne sana'arsa. Shekara biyu bayan haka ciwon hanta ya kwantar da shi. Ana gobe zai rasu, bayan la'asar, ya sa aka kira ni, ya ba ni mabuɗin akwatin. Ya ce, "Yaya, kai ba ka tsallake layi. Na tara shi ka bi ma na takwas. Ka hidda shi yadda yake, kar a taɓa komi. Kowa ya ji kukan Dareta, babu wanda yaj ji dariyarta." Na ce to. Alkawari kaya ne, kuma ban san nauyin wanda na ɗauka ba sai bayan sadakar arba'in.

A ranar na gaya wa Luba wasiyyar. Ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Yaya, ina roƙon ka don Allah. Kar ɗiyata ta shiga wayar 'yan acaɓa." Gaskiya ta faɗa. Abin da ya fita daga shago yau, gobe yana cikin kowace waya, ana ji ana cin gyaɗa. Na yi tunanin a yanke wurin da yarinyar ta shigo a fitar da sauran, sai na tuna mai faifan ya ce kar a taɓa komai. Na je wurin wani malami da nake girmamawa. Ya ce kiɗa ba zai amfani mamaci ba, in ƙona in yi masa sadaka. Sadakar na yi. Amma da na kai wa Luba maganar ƙonawa, sai ta tare ƙofar ɗaki ta ce a'a. Ba hoton Inno ko ɗaya. Abin da ya rage nata a duniya ke nan. Gaba kura, baya siyaki, ni kuwa a tsakiya da mabuɗi a aljihu shekara bakwai.

Nakan tambayi kaina, da Mande zai ɗago ya ga ƙasarmu yau, me zai ce? Hanyar da yake bi daga Gummi zuwa Anka da na'urarsa a goye, yanzu saboda 'yan bindiga direba sai ya tambayi labarinta kafin ya yi lodi. Mai gangar noma ya bar gonarsa, yana zaune a gidan wani ɗan'uwa a cikin gari. Buba ya tashi da iyalinsa, ba wanda ya san inda ya nufa, kuma ba mai ƙarfin halin tambaya. Manomi da makiyayi a kan tabarma ɗaya, wannan na kaɗawa wancan na busawa, ba mai tsoron wani: abin da na kira shirme ashe shi ne zaman lafiyar da muke nema yanzu ido rufe. Ina jin ba zai yi mini gori ba, ba halinsa ba ne. Zai tambaye ni faifan ne kawai.

Bana wani abu ya ƙaru. Na fito da faifai na takwas don in duba, sai ya ƙi ci. Fuskarsa ta yi dishi-dishi, zafi ya cinye shi. Na bakwai ma yana tsalle. Aka ce mini haka suke, ba sa daɗewa, sai an kwafe. Wanda zai kwafe kuwa masu shagon tura waƙa a waya ne, kuma abin da ya shiga kwamfutarsu ya shiga gari. Ke nan ko adana shi ma fitarwa ne.

Luba ta yi wani aure a Bukkuyum, tana da 'ya'ya biyu. Duk shekara in ta zo gaishe da Innarmu takan tsaya a bakin zaure ta ce, "Yaya, tana nan?" Inno take nufi, muryarta da ke cikin akwati. In ce tana nan, ta wuce. Ba ta taɓa sauraron faifan ba. Wannan zuwan na tsayar da ita na gaya mata halin da ake ciki, ban rage komai ba.

Ta zauna a dakalin zaure. Ta ce, "Kai ka taɓa ji?"

Na ce, "Sau ɗaya."

"Mi tac ce?"

Na ce, tana kwaikwayon sarewa da bakinta, matan suka yi dariya har lugude ya ɓaci. Da Buba ya tsaya, sai ta ce, "Baba, ƙara."

Luba ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe ta ce, "Kwahe shi da hannunka, Yaya. Kar ɗan shago ya taɓa. Ran da na iya, ni zo in ji. Abin da za a yi bayan nan, sai na ji tukuna."

Idan aka auna abin da Mande ya bari, ba shi da yawa a ido. Shagon ya koma na mai sayar da man babur. Faifansa na yawo a wasu wayoyi ba suna a kansu, kuma ina jin haka zai fi so. Amma ya bar shaida cewa an taɓa zama tare a ƙasar nan, ya kuma bar muryar yarinya ɗaya da ba ta san ƙurar da take shaƙa ba. Ni na kasa cika masa wasiyya, ina faɗa a bainar jama'a, Allah Ya yafe mini.

Na sayi tsohuwar kwamfuta, ni da ko saƙon waya sai an karanta mini sau biyu. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci nakan kulle ɗaki in koyi kwafa da faifan wa'azi. Na lalata kwafi shida, na bakwai ya yi. Faifan Mande na tara yana cikin akwati, ban sa shi a kwamfutar ba tukuna. An ce faifan da ya tsufa haka, wani lokaci juyawa ɗaya ta rage masa, shi ya sa nake ci gaba da koyo da na wa'azi.