Shanun Baba a Gonar Jami'a

A ajinmu na kwas ɗin ƙarshen mako akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba, har malaman da ke yi mana lacca. Malamin dabbobi ne kamar ni, shi a Wurma, ni a cikin garin Kurfi, sai dai ya girme ni nesa ba kusa ba, ritaya ma ta fara leƙo shi. Abin da ya mallaka a duniya bayan iyali shi ne shanun huɗa guda biyu. Albashin ƙaramar hukuma, wanda ya sani ya sani, ba ya riƙe gida. Shanun nan su ke huɗe gonarsa, su huɗe ta maƙwabta a biya shi, da rani su ja amalanke. A shekarun nan da ɓarayin daji suka share turakun mutane, shi sai da ya fasa gefen zaure don su riƙa kwana a tsakar gida. In muna hira a bakin aji ba ya daɗewa bai sako zancensu ba, har mukan tsokane shi cewa ya fi sanin lafiyarsu a kan ta maiɗakinsa, shi kuma ya ce ai ita tana da bakin faɗa.

Wata jami'a ce daga can nesa, ba ta jiharmu ba, ta kama hayar azuzuwa a Dutsin-Ma ta ce ta buɗe reshe don ma'aikata. Difloma ce a kan kiwon lafiyar dabbobi, Asabar da Lahadi, kuma an riga an sanar da mu a ofis cewa duk wanda ba shi da irinta, ƙarin girma sai dai ya ji a salansa. Kafin a fara sun kira mu taro, wai na jin ra'ayin masu ruwa da tsaki. Aka jera manyan baƙi a kujerun gaba, aka yi jawabai har la'asar, mu da za mu yi karatun aka ba mu dama ana naɗe tabarma. Abu guda muka roƙa: a sa karatun da rani, don da damina muna gona muna kuma bin garke. Wani mai gilashi ya rubuta, ya gyaɗa kai kamar abin ya shige shi. Da jadawali ya fito, sai ga zango mafi nauyi a tsakiyar damina, domin lokacin ne malamansu ke hutu a can, suna da sararin zuwa neman na cefane a wurinmu.

Manhajar kuwa ban san daga inda suka kwaso ta ba. Mun yi makonni a kan kiwon alade, mu da iyakar aikinmu Kurfi da Rawayau da Tamawa. Da wani ya yi magana, aka ce majalisar jami'a ce ta amince da ita, ba mai ikon taɓa ko wasali. Handawut kuma, takardun laccar da suke bugawa, sayensa dole ne, ko ka karanta ko ka kunna wuta da shi.

Mai kula da reshen wani Dakta ne, likitan dabbobi na gaske, ba jahili ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi da shi. Mutum ne mai fara'ar ɗan kasuwa, kowa abokinsa ne har sai buƙata ta biya. Wata Asabar, ruwa ya sauka an gama shukar gero, ya shigo aji da murmushi ya ce kwamitin sa ido na jami'a yana tafe mako mai zuwa, kuma a takardar da aka buɗe reshen da ita an rubuta cewa muna da gonar gwaji mai shanu da tumaki da kaji. Mu dai mun san bayan azuzuwan nan ba komai sai fili da tunfafiya. Ya ce to ai abin na gida ne, kowa ya taimaka da abin da Allah ya hore masa, na yini guda kawai, kamar yadda ake cika ɗakin amarya da kwanukan maƙwabta kafin 'yan ganin ɗaki su watse. Ya ƙara da cewa wanda ya kawo dabba, an gama maganar makinsa na aikin gwaji.

Ba wanda bai san haɗarin abin ba a cikinmu. Aikinmu ke nan kullum, hana mutane gwama dabbar da ba a san asalinta ba da ta gida. Baba da kansa ya ɗaga hannu ya ce ana jin ƙishin-ƙishin boru, wato ciwon nan na baki da kofato, a kara inda ake cinikin shanu. Dakta ya yi dariya ya ce awa nawa ne duka-duka, kuma shi da kansa zai duba kowace dabba a bakin ƙofa. Ni na koma gida na gwada wa maiɗakina zancen awakinta, ta ce awakinta ba su cike takardar shiga jami'a ba, zancen ya mutu a nan. Baba kuwa yana da darasi guda da ya faɗi a zangon farko, kuma shekarun da suka rage masa a aiki ba su isa a maimaita ba. Washegari da aka tashi aji ya ce zai kawo shanunsa, na bi shi har wurin babur ina ba shi baki. Ya ce mini, “Ƙanena, na hi ka sanin abin da kake hwaɗi. Amma in na hita aikin ga a matakin da nike, mi zan ci da tsuhwa?” Ya tayar da babur ya tafi.

Ranar da aka sa, tun da hantsi filin ya zama gona. An kafa turaku, an zagaye da igiya, an rubuta allo fentinsa ko bushewa bai yi ba. Kaji an aro su daga gidan wani ɗan kasuwa, tumaki daga ɗalibai, sauran shanun kuma wani Alhaji dillali ne ya ba da aronsu, waɗanda ya sayo a kara kwana biyu da suka wuce. Motarsa ce ma ta biya Wurma ta ɗauko na Baba, aka cusa su tare. Duban da Dakta ya yi alkawari bai wuce ƙirga kawuna ba. Aka bi kowace dabba aka maƙala mata lambar roba a kunne mai ɗauke da tambarin jami'a. Kwamin ruwa guda ne, rabin duro, kowa a nan yake sha.

Baƙin da aka ce da safe ba su iso ba sai bayan azahar. Kafin nan mun hango wani bijimi a cikin na Alhaji yana dalalar da miyau, yana ɗaga ƙafa. Aka nuna wa Dakta. Ya dube shi duban wanda ya gane sarai, sannan ya sa a mayar da shi can baya inda ba zai fito a hoto ba.

Shugaban kwamitin wani Farfesa ne mai farar shadda, wanda bai yarda takalminsa ya taka cikin turke ba. Daga bakin igiya ya yi nasa binciken. Ya tambayi Dakta ko akwai ma'aikacin da ke kula da garken, Dakta ya waiwaya, idonsa ya faɗa kan Baba da ke riƙe da igiyar shanunsa, ya ce ga shi nan, makiyayinmu ne. Baba, mutumin da ya fara yi wa shanu allura tun Dakta yana firamare, ya rusuna ya gaida Farfesa. Farfesa ya yaba da ƙibar shanun biyu, ya ce a gani a faɗa jami'a tana ciyar da dabbobinta, ya sa aka jawo su gaba aka ɗauki hoto da su. Kada wani ya ce an yaudari Farfesa. Fenti yana kama hannu, kajin ba su san akurkin ba, ciyawar filin ko kashin saniya na jiya babu. Ya sani, Dakta ya san ya sani, ina kuma kyautata zaton shi ma da kayan aro aka taɓa duba nasa sashen. Gyaran da ya ba da guda ɗaya ne, a ƙara girman allon. Daga nan suka shige ofis inda aka ajiye musu kaji, soyayyu wannan karon.

Asabar ta zagayo Baba bai zo aji ba. Da aka tashi na hau babur na nufi Wurma. Hanya duk shanu ne a gonaki ana huɗar gyaɗa, ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, irin kwanakin da manomi ba ya yarda ko ɗaya ya kuɓuce masa. Na tarar da shi a tsakar gida tsugune da kwanon ruwan kanwa, yana wanke bakin sa guda. Dukansu biyu sun kamu. Harshe ya sale, miyau har ƙasa, suna tsaye suna sauya ƙafa kamar masu taka garwashi. Garmar tana jingine a bango. Masu gonakin da suka saba jiransa duk sun nemi wasu, kuma unguwa ta ɗauka cewa malamin dabbobi ne da kansa ya shigo musu da boru. Raina ya ɓaci ƙwarai, na zazzagi Dakta da Farfesa da allonsu, shi dai ya ce in riƙe masa ƙahon.

Ɗaya ya tashi bayan makonni, a rame. Ɗayan kofatonsa ya ruɓe, tsutsa ta shiga, ya kai ba ya iya miƙewa, sai mahauta aka kira suka ɗauke shi a yadda suka ga dama. Sa guda ba ya jan garma. Gonar Baba da hannu aka yi abin da aka iya, a makare, gyaɗar ba ta yi abin kirki ba. Shanun da ɓarayin daji suka yi shekaru ba su samu ba, jami'a ta gama da su a yini ɗaya. Da labari ya kai wa Dakta, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya kuma tuna wa Baba cewa rashin zuwansa aji ya yi yawa.

Bayan kaka, muna zangon ƙarshe, sakamako bai fito ba tukuna, Dakta ya sake shigowa da murmushin nan nasa. Ya ce albishirinku, kwamiti ya amince da reshenmu, amma amincewar wucin gadi ce, za su dawo su ga an yi gyara. Allo dai an riga an ƙara masa girma. Saura dabbobi, kuma tunda hoton shanun nan biyu ne a bangon rahoton, su za a fara nema. A gabanmu ya juya wurin Baba ya ce a shirya su. Baba ya miƙe tsaye, ya ce ai ɗaya ya riga ya shiga tukunyar mutane. Dakta ya tambaye shi ina lambar kunnen. Baba ya ce tana gida, ya cire ta kafin mahauta su tafi da shi.

“To alhamdu lillahi,” in ji Dakta. “In lambar tana nan ai sa ɗin yana nan. Ka nemo mai kama da shi.”

Na so Baba ya yi zagi ranar, ko ya fice ya bar musu ajin. Sai ya koma ya zauna.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma na shiga kara duba wasu tumaki, na hango shi yana bin layin shanu a hankali, yana leƙa wannan yana wuce wancan. Ba saye ya zo ba, ba shi da halinsa. Aron yini guda yake nema, a kara ɗin da ciwon ya fito, don ya haɗa da guda ɗayan da ya rage masa ya sake kai su filin jami'a. Da ya gan ni ya yafito ni, ya ja ni gaban wani farin sa mai gajeren ƙaho, ya ciro lambar robar daga aljihu ya kara ta a kunnen dabbar, ya ja da baya yana dubawa.

“Ƙanena, duba mini da idonka,” ya ce. “Wanga shina yi a hoto?”