Kwalekwalen da Aka Bari a Ƙasan Ruwa

A gidanmu na Ulaisha, a Riyad, ba mu da murhu. Hita ce mai jan ido, ita muke kewayewa da sanyi bayan sallar isha'i, ni da ƙannena, Iya kuma tana kan dardumarta. Iya mahaifiyar Babanmu ce. Aikin Umara ta zo yi, ta zauna rainonmu, bizarta ta ƙare, ba iƙama, wato takardar izinin zama. Tun daga nan ko shagon ƙasan bene ba ta zuwa. In aka buga ƙofa da ƙarfi, banɗaki take shigewa, tsohuwa guda! Kullum zancenta Gumel.

"Ku matso, 'yan Larabawan ƙarya," in ji ta, don Hausarmu duk a karye take. "Ga ta ta iso."

Tatsuniyar da ta fi yi mana ita ce ta wani gari a bakin teku. A wajen uwarta ta ji, wadda ta yi zama a gaɓar Sudan kan hanyar Hajji. Duk shekara in lokacin babbar guguwa ya gabato, sai garin ya tashi tsaye: a ɗaure rufin ɗakuna da igiya, a binne tulunan hatsi, a kora awaki kan tudu. Kwalekwale kuwa ba a ɗaure shi, don igiyar ruwa za ta farfasa shi. Duwatsu ake loda masa har ya nutse, ya kwanta lafiya a ƙasa. Iska na wucewa, kowa ya yi nutso ya kwashe duwatsunsa.

Sai wani masunci, Tanko, ya ƙi fito da nasa. "Sararin nan bai yi mini ba," in ji shi. Mutane suka tafi su, suka dawo da kifi, yana zaune yana kallon gajimare. Bana ya ce baɗi, baɗi ya ce baɗin baɗaɗa.

"Iya, ya fito da shi?"

"Ke dai kin cika tambaya. Tashi ki kashe hitar nan."

Ba ta taɓa ƙarasawa ba. Wata rana Baba ya dawo daga tuƙi ya tsinci ƙarshen zancen, ya ce, "Inna, da ni kike?" Ai shi ke ta cewa ta ƙara haƙuri, kamen marasa takarda zai lafa, zai san yadda ya kai ta gida. Ta ce, "Ni da jikokina nake." Ni ma na ɗauka habaici take masa, har na riƙa jin haushinsa.

Sai aka yi sassauci: marar takarda ya fito ya tafi ƙasarsa, ba ɗauri. Baba ya shigo da murna. Iya ta saurara, ta ce, "In na tafi zan dawo?" Ya sunkuyar da kai. Ta ji mata suna cewa wanda aka ɗauki hoton yatsunsa ya yi sallama da nan. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Bari dai tukuna, Sani. Ban yarda da garin ba."

Sai da na girma na gane ba da Baba take ba, da kanta take, kuma ba tsoro ne ya danne ta ba. Mu ne duwatsun. Har yau abin yana ci mini rai, don mun sha yi mata tsiya kan gudun banɗaki.

A ɗakin nan ta rasu. Ranar da aka sauko da ita, Baba ya wangale ƙofar da rana tsaka, kuma ba wanda ya fara leƙa titi.