Jinin Masunta a Firjin Inna

A shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, lokacin Birnin Kebbi na cikin jihar Sakkwato tukuna, firjin gidanmu na Gwadangaji ya rabu biyu. Ƙasa na Inna ne, da zoɓo da ƙullin ƙanƙara. Sama na Yaya ne, babban wana, likita mai binciken ciwon hanta. A can ya jera ƙananan kwalabe na ruwan jinin masuntan Argungu da manoman Gulma, masu kumburin ciki da rawayar ido. Tun damina yake lallashinsu kafin su miƙa masa hannu.

Nakan so kallon kwalaben. Ruwan cikinsu kamar hantsin fadama ne aka kama aka daskarar. Yaya ya ce a aikinsu, da yawan masu ambaton bincikenka a nasu rubutun ake auna ka, shi kuwa kusan ba wanda ya kula da takardunsa na baya.

"Takardar da zan rubuta kan jinin nan ce za a karanta," in ji shi. "Amma in ruwan nan ya narke, ya tashi aiki."

Ya tafi taro Sakkwato, ya bar mini amana. Washegari wuta ta ɗauke, ta ƙi dawowa. Na kwashe ƙanƙarar Inna na kewaye kwalaben da ita, na rufe firji, na jingina bayana da ƙofarsa.

Sai dai a unguwarmu, kowace la'asar ta azumi gidan mai firji ake zuwa karɓar ƙanƙarar shan ruwa, kuma Inna ba ta taɓa mayar da kwanon kowa wayam ba. Sallama ta fara. Wata maƙwabciya ta gan ni a zaune, ta ce, "Ikon Allah! Likita ya ɗaukar ma firji mai gadi?"

"Tashi nan, ɗiyar ga," in ji Inna.

"Inna, Yaya ya ce kada a buɗe."

"Yayan naki ni na haihe shi. A ce gidan ga an hana ma mai azumi ruwan sanyi? Don jinin da masu shi na can suna yawonsu?"

Na tashi. Duk buɗewa ɗaya ina jin sanyin yana zubowa ta kan ƙafafuna yana ficewa tsakar gida. Da kwanuka suka lafa, na sa hannu ciki. Kwalaben gefe sun fara gumi.

Ban tsaya shawara ba. Na zuba su a cikin kula, haɗe da ragowar ƙanƙara, na tare babur ɗin kabukabu zuwa kasuwar Birnin Kebbi, rungume da kular kamar jinjiri. Ko'ina muka faɗa rami sai in ji suna ƙara a ciki. Akwai wata Madam, mutuniyar Kudu, mai sayar da kifin ƙanƙara, tana da janareto. Na roƙe ta ta ajiye mini su a firjinta.

"Jini? Kusa da kifina?" Ta waiga hagu da dama. "Ɗiyata, so kike kasuwa ta watse mini?"

Na miƙa mata kular. Ta dube ni, ta yi tsaki, ta naɗe kwalaben a baƙar leda ta cusa a firji, ƙarƙashin kwalayen kifi.

Da Yaya ya dawo, a ƙofar shagon Madam ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana duba su da hasken rana. A tsaye ya daskarar da su tun farko, don haka duk wadda ƙanƙararta ta karkace, ta narke a hanya ke nan. Na Argungu suna nan daidai. Na Gulma duk sun karkace. Bai yi faɗa da kowa ba.

Bayan salla na bi shi Gulma neman sabon jini. Mun fara da gidan wani tsoho wanda Yaya ya fi sa rai da nasa. Tun daga nesa muka hango tabarmi a ƙofar gida, maza na zaman makokinsa. Yaya ya bar kular a kan babur, ya tuɓe takalmi, ya zauna cikinsu. Ni na shiga wurin mata. Haka muka koma gida da kular wayam.

Da takardar ta fito, masuntan Argungu kaɗai ne a cikinta.