Rigar Faifai: Zulkifli Barau da Ƙazafin da Na Yi Masa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba 9 ga watan Yuli, 2025, da hantsi, Malam Ashiru mai situdiyo ya bugo mini waya daga Gwaram, ya ce Allah ya yi wa Zulkifli Barau rasuwa bayan zazzaɓin kwana huɗu. Da azahar muka kai shi makwancinsa a garinsu Kiyako. Shekararsa talatin da huɗu. Ya bar mahaifiyarsa Inna Kulu, da matarsa Munawwara, da 'ya'ya mata biyu.

Zulkifli, da ana tambayar mamaci wanda zai rubuta masa ta'aziyya, ban ce za ka zaɓe ni ba. Shekara shida na yi ina ƙyashinka, kuma ba zan zo kan kabarinka in yi ƙaryar cewa mu aminai ne ba. Kai ka riƙe ni da zuciya ɗaya. Ni kuwa ban taɓa jin an yabe ka na ji daɗi ba.

Ga wanda bai san sana'armu ba: mai kiɗa a situdiyo yanzu ba sai ya tara fiyano ba. Manhaja ce a cikin kwamfuta take fitar masa da kowane irin sauti, shi kuma yana murɗa maɓallai a kan sikirin. Mu ba ruwanmu da sautin. Abin da ido ke gani muke zanawa, wato launi da girman maɓalli da inda kowanne zai zauna. A tsakaninmu riga muke ce wa wannan zane. Iya sanina, daga Birnin Kudu zuwa Gwaram mu biyu ne kawai telolin wannan riga.

Na riga ka farawa. A shagona na nuna maka yadda ake zana maɓalli ɗaya sau sittin da huɗu, kowanne ya ɗan karkata kaɗan, domin in an murɗa shi ya juya kamar na gaske. Ba ka taɓa mantawa ba. Duk inda muka haɗu a cikin mutane sai ka ce, "Ga malamina, Malam Kamalu." Wallahi wannan kalma ta fi komai ƙona mini rai, don na san ɗalibin ya wuce malamin tun da daɗewa, kuma kowa a wurin ya sani.

Rigunana baƙaƙe ne. Ina son ƙyallin ƙarfe, da inuwa a ƙarƙashin kowane maɓalli, da 'yan kusoshi na ƙarya a kusurwa, da katako a gefe, da ƙananan rubutun Turanci mai ruwan toka. In ka gani sai ka rantse daga waje aka kawo. Kai kuwa ranar da ka kawo mini rigarka ta farko sai da na yi dariya har da riƙe ciki. Bango mai launin busasshiyar kaba, kowane maɓalli faifai ne babba, wani ja da kore, wani shuɗi da rawaya, da baƙin layi ɗaya daga tsakiya zuwa baki da ke nuna inda aka murɗa. Rubutun ma da Hausa: kauri, kaifi, amsa-kuwwa. Na ce, wannan ai jeren ɗakin amarya ne. Ka yi dariya tare da ni, ka ce ai amarya ma tana son kiɗa.

Abin da ban lura da shi ba shi ne yadda kake gwada aikinka. Ni a babban sikirin nake zane, da haske a ƙure. Kai kuwa in ka gama, sai ka rage hasken tsohuwar laftof ɗinka har ƙarshe, ka ɗauke ta ka zauna a bakin ƙofa inda rana ke dukan ta. In ba ka iya karanta rubutun a haka ba, sai ka koma ka sake. Ka san mutanenmu. In an ɗauke wuta, kowane mai situdiyo rage haske yake yi don caji ya kai shi, ya kuma buɗe ƙofa saboda zafi. A wannan hali baƙar rigata ɓacewa take yi, mutum ba ya ganin komai sai fuskarsa. Shekara da shekaru ina zane a garin nan ban taɓa tunanin wannan ba.

Malam Ashiru ne ya fara barina. Ya haura hamsin, idonsa ya fara rauni, kuma tun farko rigata yake amfani da ita. Wata rana na je Gwaram na shiga wurinsa, sai na tarar da fayafai jere a kan sikirinsa. Ya ga fuskata ta canza, ya ce, "Kamalu, kada ka ji haushi. Taka ta fi kyau, wallahi. Amma tasa nake gani." Na hau babur na dawo Birnin Kudu ina maimaita maganar nan, ko gaisuwar mutane a hanya ban amsa ba.

Daga nan labarinka ya yi ta zuwa kunnena, ko ban nema ba. An ce wani mai kiɗa a Surko ba ya bambance ja da kore, ka hau babur ka je ka zauna da shi wuni guda, ka sake masa rigar ta yadda kowane faifai da irin saƙarsa, ba sai an dogara da launi ba. Da kwamfutata ta mutu ana gobe zan miƙa aiki, taka ka kawo mini ka bar ta kwana uku, da duk zanenka a ciki a buɗe. Na buɗe na duba, ba zan ɓoye ba. Na so in ga wani sirri ko wata dabara da ka ɓoye mini. Ban ga komai ba sai abin da na koya maka, amma a hannun wanda ya fi ni.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bara wani Alhaji Iliyasu, mai situdiyo uku a Kano, ya ga rigar faifai ya ce kai zai ba aikin dukkan kwamfutocinsa. Akwai guruf ɗinmu na waya na masu kiɗa da masu haɗa sauti, mutum sama da ɗari biyu. Aka yi ta yi maka barka, ana turo hoton rigar. Ina zaune a shago ina karantawa. Sai na rubuta cewa zanen faifan nan ba naka ba ne, na taɓa ganinsa a shafin wani Bature, launi kawai ka canza. Babu wani shafi, babu wani Bature. A take na ƙirƙira shi. Da yake ni ne malaminka, aka yarda. Alhaji Iliyasu ya janye, ni ma bai ba ni aikin ba.

Ba ka rubuta komai ba. Ranar Juma'a muka haɗu a ƙofar masallaci, ka miƙo mini hannu ka tambayi iyali. Na ce a raina zan janye maganar bayan bikin salla. Salla ta wuce na ce bayan girbi. Kullum sai in ga ai kana nan.

Ko a maƙabarta halina bai sake ni ba. Na tsinci kaina ina duban sahu, mutanen Kangire da na Gwaram da waɗanda suka taso tun daga Dutse, ina tambayar kaina ko rabinsu za su zo tawa jana'izar. Na yi istigfari, amma na yi tunanin.

Ranar sadakar uku aka yi mini iso wurin Inna Kulu. Ina durƙusawa na ɗaga kai, sai ga fayafai jere a bango. Na gane kowanne: ga na kauri, ja da kore, ga na kaifi, ga na amsa-kuwwa. Da ta ga na ƙura musu ido sai ta ce, "Nasa ne. Shi yake sa ni in saƙa, ya ce Inna ki ja mini baƙin layi ɗaya daga tsakiya zuwa baki. In na gama ya shanya su a tsakar gida ya yi ta ɗaukar hoto. Ni dai ban san me yake yi da su ba."

Ashe hannun tsohuwar nan na ce an sato daga shafin Bature. Ban san sanda na fara magana ba. Na faɗa mata komai, a gaban matan da ke ɗakin, na ce ta yafe mini. Ta daɗe tana jan carbi ba ta dube ni ba. Sannan ta ce, "Nawa na yafe, ɗan nan. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba. Amma inda ka je ka faɗi waccan, can za ka koma ka faɗi wannan."

To, ga shi na dawo. Duk wanda ya karanta abin da na rubuta bara, ya karanta wannan: ƙarya na yi, hassada ce ta sa ni. Rigar faifai ta Zulkifli Barau ce, saƙar mahaifiyarsa ce, a Kiyako aka yi ta. Alhaji Iliyasu, ka ji. In 'ya'yansa sun girma wani ya ce musu ubansu ya taɓa satar zane, a nuna musu wannan rubutu, ko a kawo su shagona in faɗa musu da bakina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Kulu, da Munawwara, da Nasiha da Ummussalma, da dukkan zuri'ar Malam Barau. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari. Allah ya jiƙanka Zulkifli, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya Allah, bawan nan naka yana da haƙƙi a wuyana, kuma na makara wajen neman yafiyarsa. Ka sanya masa tausayina ranar da za ka tsayar da mu a gabanka. Amin.