Ranar da Kwamfutata Ta Zo ta Uku

Shekara tara na yi ina riƙe da ɗakin kati a wani ƙaramin asibiti a Durba. Wata damina aka kira mu Rano, mu bakwai daga asibitocin karkara, aka ce wata ƙungiya za ta yi mana aiki ɗaya tak cikin uku: kwamfutar ajiye bayanan marasa lafiya, ko saƙon waya mai tuna wa masu ciki ranar awo, ko manhajar da ke sanar da sito idan magani ya kusa ƙarewa.

Ni da zaɓina na tafi. Gara ta sha cinye min katuna, kwamfuta nake so.

Likitan da ya jagoranci zaman bai bari mun fara gardama ba. Ya ce mu faɗi abin da za a auna kowane aiki da shi tukuna. Muka kawo wuta, sabis, sauƙin koyo, da yawan masu amfana. Ya rubuta kowanne a takarda, ya raba mana ƙwayar masara goma-goma, kowa ya zuba inda ya fi masa muhimmanci. Da aka auna ayyukan uku da takardun aka haɗa maki, saƙon waya ne a gaba.

Sai wata dattijuwar ungozoma daga Saji ta ɗaga hannu.

"Likita, wayar wa saƙon zai shiga?"

"Ta mai cikin mana, Hajiya."

"A wajenmu wayar tana aljihun maigida, shi kuwa yana gona ko ya yi lodi zuwa Kano. In ya dawo ma, wa zai karanta?"

Likitan ya ƙara takarda ta biyar: ko amfanin zai isa hannun mara lafiya. Aka sake rabo. Huɗu na zuba a kanta, ina sane kwamfutata ba za ta samu komai a nan ba. Manhajar sito ce ta ci, tawa ta zo ta uku.

Na hau babur na koma raina ba daɗi. Na kwana biyu ina tunanin yadda mu shida da likita muka yi ta lissafi, babu wanda ya tuno da aljihun maigida.

Da damina ta zagayo, zazzaɓi ya yi yawa, amma maganinsa bai yanke mana ba. Ban ga an tura uwa Kibiya neman magani da takarda a hannu da yaro a goye ba. Katuna kuwa da biro na ci gaba da cike su har aka yi min canjin wurin aiki.